Jar Fuskar Madam Fang

"Alex, yau kai ne farin fuska. Mista ba murya."

Madam Fang ce ta faɗi haka, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Ina tsugune bayan kantar kaya ina jera belin injin niƙa, ba su gan ni ba. Dama ba a cika ganina ba, ko a tsaye nake.

Alex ya ce, "Ei, Madam, ni kuma?"

Ta ce, "Kaɗan kawai. Fataw ya yi latti kwana uku."

Suka yi dariya, ta shige ofis.

Shagon yana kan hanyar Lamashegu. Injin ban ruwa muke sayarwa, da na niƙa, da na casar shinkafa, da kayan gyaransu. Na Madam Fang ne da mijinta Mista Gao, 'yan China, shekararsu goma sha biyu a Tamale. Alex mutumin kudu ne, ya yi karatu a China, shi ne tafinta. Fataw shi ne makanike. Ni Mulikatu, ni ce a kan kanta, shekara uku ke nan tun da na gama sakandare.

Ranar Litinin ce. A cikin jakata akwai takarda a ninke, ta makarantar koyon aikin jinya a Damongo. Sun ɗauke ni, kuma Litinin mai zuwa ce ranar ƙarshe ta zuwa. Ban nuna wa kowa a shagon ba. Bara ma sun ɗauke ni, ban je ba.

Takwas da minti ashirin Fataw ya iso a kan moto. Bai ko cire hular kwano ba Alex ya tare shi a ƙofa. Alex ɗin da ke cin wache, shinkafa da wake, kwano ɗaya da shi kullum. Ya ɗaga murya har masu yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, da ke tsaye a bakin titi suka juyo. Ya ce nan ba gidan kakarsa ba ne, ya ce akwai makanikai ɗari a Tamale da ke neman aikin nan.

Fataw ya buɗe baki. "Chale, abokina, kai ne kuwa?"

"Ni ne! Dubi agogo!"

Sai Madam ta fito a hankali tana goge hannu. "Alex, ya isa, ya isa." Ta dafa kafaɗar Fataw, ta tambaye shi jaririnsa, ko har yanzu ba ya barinsu su yi barci. Ta ja shi ciki ta zuba masa shayinta, wannan mai ɗaci da ba madara ba sukari, a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Mista Gao yana zaune a ofis da mayafi naɗe a wuya, mura ta kama shi ta shaƙe masa murya.

Washegari bakwai da rabi na tarar da Fataw har ya baje sifanoninsa. Ya ce min, "Madam ɗin nan uwa ce paa. Amma Alex, kansa ya fara kumbura. Bar shi."

Na ce, "To."

Sai ranar Laraba na iya tambayar Alex. Yana cin abinci a gindin darbejiyar bayan shago. Na tsaya kusa da shi har ya gaji ya ɗago.

"Mulika, ashe kina da baki? Faɗi mana."

"Mene ne farar fuska?"

Ya daina tauna. Ya dube ni, ya dubi ƙofar shago, sai ya yi dariya. "Ke kam ɓera ce. A ina kike lokacin?"

Ya goge hannu a wando ya ciro waya. Ya nuna min wani wasan kwaikwayo na ƙasarsu Madam, irin wanda ba a magana sosai sai waƙa, da ganguna da ƙarafa suna ta ƙara kamar ana wanke tukwane. 'Yan wasan sun shafe fuskokinsu da fenti gaba ɗaya. Wani tasa ja jawur da dogon gemu. Wani tasa fara fat, an ja masa siraran layuka baƙaƙe a ido.

Ya ce, "Kin ga, a wasan nan ba sai an gaya miki waye waye ba. Mai jar fuska mutumin kirki ne, mai amana, jarumi. Mai farar fuska maƙetaci ne, mai wayo. Yana fitowa yara sun san shi. To daga nan maganar ta fito ta shigo gari. Sai su ce ɗaya ya rera jar fuska, ɗaya ya rera fara. Ba sa cewa ya yi, rerawa suke cewa, don a wasan waƙa ce." Ya faɗa min da yarensu, hong liyen da bai liyen, ya sa na maimaita, ya ce na kashe yaren kuraa, ban bar komai ba.

Na ce, "A me ake faɗin ta?"

"A komai. Uba ya yi wa yaro faɗa, uwa ta lallashe shi. A ciniki ɗaya ya ce ba mu sayarwa, ɗaya ya ce bari in yi masa magana. Ba zagi ba ne a wurinsu, tsarin aiki ne kawai. Ke a gidanku babu? Ni uwata ce fara. Har yau in na ji muryarta a waya miƙewa nake."

"Amma a gida ba a shiryawa tun da safe."

Ya ce, "Wa ya gaya miki?" Ya ci gaba da cin abincinsa.

Akwai wata tambayar a bakina. Shi ne tafinta, duk abin da ake faɗa a ofis da yaren China yana ji. Ban yi ba. Na koma kan kanta.

Ga abin da ya faru bara. Takardar ta zo, na kawo ta shago. Ban ma yanke ko zan tafi ba, so nake kawai in nuna. Mista Gao ya sa Alex ya karanta masa, sai ya buga tebur. Ya ce shekara biyu suna koya min sunan kowane ƙarfe, yanzu da na iya zan gudu. Ya ce in ɗauki jakata in fita yau, kar in jira wata mai zuwa. Ya faɗi wata kalma da Alex ya ƙi fassarawa. Ni ba a taɓa yi min tsawa haka a gaban mutane ba. Na tsaya riƙe da jaka ina kuka mara sauti.

Madam ta karɓi jakar ta ajiye. Ta ce in zauna. Ta bi Mista cikin ofis ta rufe ƙofa. Da ta fito ta zuba min shayi ta ce, "Na roƙe shi. Ya haƙura." Ta nuna min hoton 'yarta a waya, sa'ata ce, tana can wurin kakarta, shekara uku ba su haɗu ba. Ta ce, "Kai 'yana ne a nan. Zauna shekara ɗaya. Makaranta ba ya gudu."

Mace babba kamar wannan ta shiga ta roƙi mijinta saboda ni. Da wane ido zan ce mata duk da haka tafiya zan yi? Na mayar da takardar gida na sa a ƙarƙashin kaya. Mma, mahaifiyata, ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

Tun daga Larabar nan na koma kallo. Kallo dai na iya. Na lura Madam ba ta fitowa da wuri in ana faɗa, sai wanda ake wa faɗan ya sunkuyar da kai. Kullum kafaɗar hagu take dafawa. Kofunan shayin guda shida ne, amma ɗaya mai ɗan tsaga a baki shi take ba wanda aka yi wa tsawa, ban sani ba ko da gangan ne. A shi na sha bara.

Sai dai akwai abubuwan da suka ƙi shiga lissafin. Lokacin da aka kwantar da Mma a asibiti, Madam ta hau yelo-yelo ita kaɗai ta kawo mata romon kaza a fulas, kwana uku a jere. Ba wanda ya yi wa kowa tsawa kafin nan. Mista Gao kuma, shi mai tsawar, ya taɓa gyara min sarƙar keke ina ciki ina aiki, bai gaya min ba. Hannunsa na gani da baƙin mai.

Ranar Alhamis Papa Kow ya rage min hanya zuwa Tishigu, zai kai injin niƙa can. Shi ne direban shago, dattijo, tun buɗe wurin yake nan. Ya kunna waƙar cocinsu yana bi. Na jira har muka wuce shataletale.

"Papa, Mista dama haka yake da faɗa tun farko?"

"Wa? Gao?" Ya yi dariya har ya yi tari. "Yarinya, da ba shi ba ne. Da Madam ne wuta. In ya yi ihu, karen maƙwabta ma yana shiga ƙarƙashin lori. Gao shi ne mai sanyi, shi ke ba mu sigari a ɓoye."

"To me ya canza?"

"Mutanen nan naku na arewa. Namiji ba ya son mace ya yi masa ihu a gaban jama'a. Makanike biyu suka tafi a wata ɗaya. Sai kawai wata Litinin muka zo, Gao ya koma zaki, Madam ya koma mai shayi. Kamar an canza taya." Ya kauce wa wata akuya. "Ni ban damu ba. Kowa ya yi ihu, lori dai ɗaya ne."

A gida Mma tana tuƙa tuwon zafi a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin gaya wa silmingarki?" Haka take kiran Madam, wato Baturiya da Dagbani, duk da ta sha romonta.

"Gobe."

"Jiya ma gobe kika ce. Akwatin ƙarfen nan na tafiyarki makaranta na sa Sidiki ya gyara maƙullinsa tun makon jiya. Bara na sa an gyara, tsatsa ta ci. Ni ba zan sa a gyara na uku ba, kin ji ko?"

Na ce na ji.

Juma'a da safe Mista Gao da Alex suka kama hanyar Tema ɗauko kaya, Papa Kow ke jan su. Shago ya rage daga ni sai Madam sai Fataw.

Wajen ƙarfe tara wani motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya tsaya a ƙofa. Wani tsoho ya sauko, siriri, da hula mai lanƙwasa gefe, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Na gane shi. Mba Imoru ne daga wajen Kumbungu, mai noman rani, mako shida da suka wuce ya sayi injin ban ruwa a wurinmu. Shi da mai motokin suka sauke injin suka dire a bakin ƙofa. Ya ce injin ya mutu, sabo yake so.

Fataw ya buɗe shi nan take. Yashi ne cike a ciki. An cire ragar bakin tiyo, wadda ke tace ruwa.

Madam ta kira ni bayan kanta. Ta yi ƙasa da murya. "Alex ya ce ka tambaya jan fuska, farin fuska. Ka sani yanzu. Yau ni fari, kai ja. Kai ne ka iya Dagbani."

Na ce, "Madam, ban iya ba."

"Ka iya. Shekara uku kana kallo." Ta lissafa min da yatsu. Sabo babu, laifinsa ne. Fataw zai gyara, zuwa Talata. Tsohon injin shago da ke baya, a ba shi aro ya tafi da shi yau. "Amma kar ka ba shi da sauri. In ka ba da sauri, ya ce ashe sabo ma yana yiwuwa. Sai ka roƙe ni tukuna."

Ta fita. Muryar da ta fito daga bakinta ban taɓa jin ta ba. Ta ɗebo yashin a tafin hannu ta kai masa har hanci. Ta ce wa ya ce ya cire raga? Ta ce injin ba jaki ba ne da za a ba shi ƙasa ya ci. Ta ce ya kwashe abinsa ya kai wa wanda ya ba shi shawarar. Fataw ya tsaya da sifana a hannu yana kallonta kamar ya ga gizo. Ta juya ta shige ofis ta bugo ƙofa.

Tsohon ya cire hula ya mayar. Na jira, ban san ma ina jira ba, har ya sunkuyar da kai. Sannan na fito.

Na ɗan rusuna na gaishe shi da Dagbani, ya amsa, "Naa," can ƙasa. Na jawo masa benci, na kawo ruwa. Na tambaye shi gona. Ya ce albasa ce da kuɓewa, kwana huɗu ba ruwa, ganyen ya fara kwanciya. Ya ce ragar toshewa take yi da ciyawa, kowane lokaci sai ya shiga ruwa har ƙugu ya share ta, ga gwiwarsa ba ta son sanyi. Maƙwabcinsa ne ya ce ya cire ta kawai, ai ruwa zai fi gudu. Ya yi gudun kuwa, mako biyu. Yana faɗa yana ɗan murmushi, kamar labarin wani yake bayarwa.

Kakana na wajen uwa haka ƙafafunsa suke. Na ji idona ya kawo ruwa. Ba na so, ya zo da kansa.

Na ce, "Mba, zauna. Bari in shiga in gwada."

Ya ce, "Kar ta kore ki saboda ni, m bia, 'yata."

Na shiga ofis na rufe ƙofa. Madam tana zaune ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kwali, tana ɓare gyaɗa. Fuskarta lafiya lau. Ta miƙo min gyaɗar, na girgiza kai. Na buɗe baki zan fara yi mata bayanin albasar, da gaske roƙon zan yi, sai ta ɗaga hannu.

"Ba sai ka faɗa ba. Ƙirga hamsin. In mutum babba ne, ɗari. Wannan tsoho ne, ƙirga ɗari."

Na tsaya jikin ƙofa na ƙirga. Fanka tana juyawa. A bango akwai kalanda mai hoton duwatsu da hazo. Ban taɓa tsayawa a wannan gefen ƙofar tana rufe ba. Ɗakin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, mutum biyu in suna ciki gwiwarsu ma tana iya haɗuwa. Da na kai saba'in ta ce, "Idonka ya yi ja. Yana da kyau. Kar ka goge."

Na cika ɗari na fita. Na ce wa Mba Imoru na roƙe ta, ta haƙura. Sabo ba zai samu ba, amma za a gyara nasa, kuma ga wani ya tafi da shi yau. Ya kama hannuna da nasa biyu. Ya sa min albarka, ya sa wa uwata, ya sa wa mijin da ban yi ba tukuna da 'ya'yan da zan haifa. Fataw ya ɗaura masa sabuwar raga ya nuna masa yadda zai sa tiyon a cikin kwando don ciyawa ta daina toshe ta. Aka ɗora injin a motokin. Har suka hau titi yana ɗaga min hannu.

Albasarsa za ta sha ruwa yau, wannan gaskiya ne. Tausayin da na ji ma gaskiya ne. Roƙon ne kawai ba a yi ba. Na zauna a kan kanta ina jujjuya abin, ban samu inda zan ajiye shi ba.

Fataw ya wanke hannu ya canza riga zai tafi masallaci. A ƙofa ya ce, "Yau aljanin Mista ya shiga Madam. Ke kuma, shiru-shiru, ashe lauya ce." Ya tayar da moto.

Titi ya yi tsit kamar kowace Juma'a in an shiga huɗuba. Madam ta fito da butar shayi da kofi biyu. Ta zuba ta turo min ɗaya. Ta zauna a kan bencin da tsohon ya tashi, ta cire takalmi tana murza ƙafa. Ta ce maƙogwaronta yana zafi, ta manta ihu aiki ne. Ta ce na yi kyau, na fi Alex, shi dariya ke kusa kama shi. Ta ce in Mista ya dawo za ta gaya masa a bar min manoma gaba ɗaya, ni zan riƙa magana da su.

Na buɗe jaka na ciro takardar. Ninkin ya yi laushi don yawan buɗewa. Na shimfiɗa ta a kan kanta kusa da kofin, na juya ta ta fuskance ta. Ba ta iya karanta Turanci sosai ba, amma ta gane tambarin da ke sama. Ta daina murza ƙafar.

Ta ce, "Yaushe?"

"Litinin."

Ta dubi ƙofar ofis, ba kowa a ciki. Ta dube ni. Hannunta ya taso zai nufi kafaɗata, sai ya tsaya a hanya ya koma kan gwiwarta.

Muryata ta fito ƙarama, sai da na sake farawa.

"Madam, bara da na kawo irin wannan takardar, kika bi Mista cikin ofis kika rufe ƙofa. Roƙonsa kika yi, ko ƙirgawa kika yi?"